Da Wa Kake Ciniki? Abin da Masu Bincike Suka Gano a Kan Kasuwar Hannun Jari da Halayen Masu Zuba Jari

A Kano ba a cika buƙatar a koya wa mutum ma'anar riba da faɗuwa ba, domin yaron da ya taso a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ya san su tun kafin ya iya rubuta sunansa. Sai dai a 'yan shekarun nan wani nau'in ciniki ya shigo gari wanda ba shi da rumfa, ba shi da sito, kuma mai yin sa ba ya ganin fuskar abokin cinikinsa: sayen hannun jari ta manhajar waya, cinikin kuɗaɗen ƙasashen waje da ake kira foreks, da kuma kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin. Matasa masu sayar da waya a Farm Centre, da ɗaliban jami'a, da ma'aikatan da ke neman abin da za su ɗora a kan albashi, har da wasu manyan 'yan kasuwa da suka ga jiya suka ga yau, sun shiga harkar da yaƙinin cewa basirar da ta riƙe su a kasuwar gari za ta riƙe su a can. Wannan yaƙinin ne ya kamata a duba da kyau, domin masana tattalin arziki sun shafe fiye da shekara ɗari suna nazarin irin waɗannan kasuwanni, kuma abin da suka tara bai goyi bayansa ba.

Tambayar da masu bincike suka fara da ita ita ce ko mutum zai iya sanin inda farashi zai dosa gobe ta hanyar duba inda ya bi jiya. A shekarar 1900 wani ɗalibin lissafi Bafaranshe mai suna Louis Bachelier ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan hawa da saukar farashi a kasuwar takardun kuɗi ta birnin Faris, inda ya nuna cewa motsin farashin ba ya bin wata ƙa'ida da mai hasashe zai dogara da ita. Aikin nasa ya yi kusan rabin ƙarni ba a waiwaye shi sosai ba. A 1933 Alfred Cowles, a Amurka, ya tattara shawarwarin da kamfanonin ba da shawara da mujallun harkar kuɗi suka riƙa bai wa jama'a, ya auna su da abin da ya faru daga baya, ya tarar a jimlace wanda ya bi su bai fi wanda ya saya ya ajiye ya koma harkar gabansa ba. A 1968 kuma Michael Jensen ya bi diddigin asusun haɗakar jari guda 115 daga 1945 zuwa 1964, waɗanda ƙwararru ne ke juya su kuma ana biyan su a kan haka, ya ga cewa su ma a jimlace ba su iya wuce abin da kasuwar kanta ta bayar ba.

Eugene Fama na Jami'ar Shikago shi ne ya ɗinke waɗannan sakamako wuri guda a 1970, ya kuma ba su dalili. Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. A ce akwai alamun cewa wani kamfanin siminti zai ci riba mai yawa a bana. Wannan labari ba ya jiran ƙaramin mai zuba jari, domin akwai manyan kamfanonin kula da kuɗin fansho da bankuna da dillalai waɗanda aikinsu ke nan safe da yamma, suna karanta rahoton kuɗin kamfanin, suna ƙirga tirelolin da ke fita daga masana'anta, suna lissafin kuɗin iskar gas da na dala. Da zarar sun gamsu sai su saya, sayen nasu kuma ya ɗaga farashin nan take. Kafin labarin ya iso wayar mutumin da ke zaune a Fagge ko Hotoro, ribar da ke cikinsa ta riga ta shige cikin farashin da zai biya. Abin da zai motsa farashi gobe shi ne labarin da bai fito ba tukuna, shi kuwa wannan babu wanda ya san shi, in ban da wanda yake cikin kamfanin, wanda doka ta hana shi cin moriyar sirrin.

A 1980 Sanford Grossman da Joseph Stiglitz suka yi wa wannan ra'ayi gyara mai muhimmanci. Suka ce in da a ce farashi ya riga ya ƙunshi dukkan labari, to babu wanda zai ɓata kuɗi da lokaci wajen nemo labarin, in kuwa babu mai nemowa to farashin ba zai ƙunshe shi ba. Saboda haka dole a sami 'yar ribar da ke saka wa masu wahalar bincike. A ganina wannan gyara shi ne mabuɗin zancen gaba ɗaya, domin ya nuna cewa riba ta musamman tana nan, amma ladan wahala ce da ake biyan wanda ya san abin da abokin cinikinsa bai sani ba, kuma daga aljihun wanda bai sani ɗin ba take fitowa. Duk lokacin da mutum ya danna maɓallin saye, akwai wani a can da ya danna na sayarwa a kan wannan farashin, yana ganin shi ne ya yi dabara. Ɗaya daga cikinsu ya fi ɗaya sani.

Wannan ba yana nufin farashin kasuwa kullum daidai yake ba. Robert Shiller na Jami'ar Yale ya nuna a 1981 cewa farashin hannayen jari a Amurka yana hawa da sauka fiye da yadda ribar da kamfanonin suka raba daga baya za ta iya bayyanawa, wato akwai wani abu ban da lissafi da ke tura shi. Vernon Smith da abokan aikinsa sun gwada abin a ɗakin gwaji a 1988. Suka tara mutane, suka ba su wata takarda da za ta riƙa biyan riba har zagaye goma sha biyar sannan ta zama ba ta da daraja, suka kuma sanar da kowa yadda za a lissafa ribar, ta yadda babu wanda bai san ƙimarta ta gaskiya ba. Duk da haka, a gwaje-gwaje da dama mutanen suka yi ta saye da sayarwa suna ɗaga farashin har ya zarce ƙimar nesa ba kusa ba, sannan ya rikito gab da ƙarshe. Kowa ya san takardar ba ta kai haka ba, amma kowa yana sa ran zai sami wanda zai sayar wa da tsada kafin a tashi.

Mu a Najeriya mun ga wannan a fili, ba a ɗakin gwaji ba. Bayan Babban Banki ya ɗaga mafi ƙarancin jarin bankuna daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 a 2004, abin da ya rage yawansu daga 89 zuwa 25, bankunan sun yi ta fitowa kasuwa suna sayar da hannun jari, ana talla a rediyo da jaridu, ana raba fom a rassan bankuna. Mutanen da ba su taɓa jin sunan kasuwar hannun jari ba suka saya, suka ga kuɗinsu ya ninka a takarda, suka gaya wa maƙwabta. Mafi muni shi ne yadda bankuna suka riƙa ba mutane bashi domin su sayi hannun jari, wani lokaci ma na bankin da ya ba da bashin, ana riƙe hannun jarin a matsayin jingina. Ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari a dunƙule, ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ya sauko kusan 20,000. Da farashi ya karye, jinginar ta zama ba ta kai bashin ba, aka shiga sayarwa dole, sayarwar ta ƙara karya farashin. A watan Agustan 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON domin ta sayi ruɓaɓɓun basussukan. Har yau akwai gidaje a Kano da takardun shaidar hannun jari na wancan zamani ke kwance a cikin akwati, masu su ba sa son a ta da zancen.

Mai karatu zai iya cewa, tunda kasuwa tana yin kuskure haka, ai mai hankali zai iya cin riba daga kuskurenta. A nan ne wahalar take. Gane cewa farashi ya wuce ƙima abu ne daban, sanin ranar da zai sauko kuma abu ne daban, kuma wanda ya fita da wuri yakan zauna yana kallon abokansa suna ƙara kuɗi har haƙurinsa ya ƙare ya koma a mafi munin lokaci. Shi ya sa da aka ba Fama da Shiller lambar yabo ta Nobel tare a 2013, su da Lars Peter Hansen, mutane da yawa suka yi mamaki, suna ganin an haɗa masu saɓani. Saɓaninsu a kan dalilin motsin farashi ne a tsawon shekaru. A kan abin da ya shafi mai riƙe da waya yana son sanin inda farashi zai kwana gobe, bakinsu ɗaya ne: da wuya ƙwarai ya sani.

Binciken da ya fi shafar mutanenmu kai tsaye shi ne wanda ya bar duba kasuwa gaba ɗaya ya koma duba asusun mutane ɗaya bayan ɗaya. Brad Barber da Terrance Odean sun sami bayanan ciniki na gidaje 66,465 daga wani kamfanin dillanci a Amurka, daga 1991 zuwa 1996, suka wallafa sakamakon a shekarar 2000. A wannan tsakani kasuwar ta riƙa ba da ribar kashi 17.9 cikin ɗari a shekara. Waɗanda suka fi kowa yawan saye da sayarwa sun tashi da kashi 11.4, waɗanda ba su cika taɓa abin da suka saya ba kuwa sun tashi da kashi 18.5. Abin lura shi ne, kafin a cire la'ada da sauran kuɗin ciniki, ribar ɓangarorin biyu kusan ɗaya ce. Wato duk kai-komon da masu yawan cinikin suka yi, da karance-karancensu da hana idonsu barci, bai ƙara musu komai ba, sai dai ya ƙara wa dillali. La'adar ciniki guda ba ta da yawa a ido, amma wanda yake juya jarinsa sau da dama a shekara yana biyan ta a shiga yana biyan ta a fita, ga kuma tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, wadda ita ma asara ce da ba a rubuta ta a rasit.

Masanan biyu sun ɗora alhakin wannan a kan yarda da kai fiye da ƙima, kuma sun gwada hasashen nasu ta hanyoyi biyu. A 2001 sun nuna cewa maza sun fi mata yawan ciniki da kashi 45 cikin ɗari, kuma yawan cinikin ya rage ribar maza da maki 2.65 a shekara, ta mata kuwa da 1.72. A 2002 suka bi mutane 1,607 da suka bar yin oda ta kiran dillali a tarho suka koma yi da kansu ta intanet. Kafin su koma suna gaban kasuwa da fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara, wannan nasarar ce ma ta ba su ƙarfin gwiwar komawa, bayan sun koma kuwa sai suka ƙara yawan ciniki suka dawo bayan kasuwa da fiye da kashi 3. Wannan ya faru ne a zamanin da sai mutum ya zauna gaban kwamfuta. Yau kasuwar tana cikin aljihu, tana ƙara tana haske a duk lokacin da farashi ya motsa, kuma ta kirifto ba ta rufewa ko da daddare ko ranar hutu.

Hali na biyu da aka gano ya fi na farko zurfi a zuciya. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa mutum ba ya auna dukiyarsa a dunƙule, yana auna ta ne daga inda ya fara, kuma zafin asara a wurinsa ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita. Ƙiyasin da suka yi daga baya ya nuna ya kai kusan ninki biyu. Sun kuma ga cewa wanda yake cikin riba yakan so ya damƙe ta da wuri, wanda yake cikin asara kuwa yakan yarda ya ƙara shiga haɗari da fatan ya fanshe. Hersh Shefrin da Meir Statman suka ɗauko wannan suka kawo kasuwa a 1985, Odean kuma ya tabbatar da shi a 1998 da asusu 10,000. Ya tarar mutane sun fi saurin sayar da hannun jarin da ya hau, suna riƙe wanda ya faɗi, alhali a shekarar da ta biyo baya wanda suka sayar ɗin ya zarce wanda suka riƙe da kusan maki 3.4.

Duk wanda ya zauna da 'yan kasuwar hatsi ya san wannan hali ko bai taɓa jin sunan Kahneman ba. Bayan tsadar abinci ta 2024, mutane da yawa, har da waɗanda ba sana'arsu ba ce, sun sari masara da shinkafa da gero da kaka suka kimshe a sito suna jiran bazara, sai farashin ya sauko a 2025 maimakon ya hau. Abin da aka riƙa ji a bakin mai kaya idan dillali ya zo da tayi shi ne, «Albarka. Ni dai ban faɗi ba tunda ban sayar ba.» Dillali ya ce, «Alhaji, a sallama, sabon kaya na hanya,» ya ce a bari tukuna ya ga ko uwar kuɗinsa za ta dawo. A zahiri faɗuwar ta riga ta auku tun ranar da farashi ya karye, sayarwa amincewa da ita ce kawai, kuma kasuwa ba ta san nawa ya saya ba balle ta koma can domin ta faranta masa. Kafin ya yanke shawara kuɗin hayar sito yana tafiya, maganin ƙwari yana tafiya, jarin da zai iya juyawa a wani kayan yana kwance. Tambayar da ta dace ita ce: da a ce kuɗi ne a hannunsa yau, zai sayi wannan kayan a wannan farashin? In amsar a'a ce, to riƙewar ba lissafi ba ne, gudun ɗacin rai ne. Ban ɗauki wannan a matsayin wauta ba, domin a garin da ake auna ɗan kasuwa da sunansa, faɗin «na faɗi» yana da nauyin da ba ya shiga littafin lissafi.

Idan aka zo kan masu cinikin yini, wato masu saye su sayar kafin rana ta faɗi, alƙaluman sun fi tsauri. Taiwan tana da cikakken tarihin kowane ciniki da aka yi a kasuwarta, kuma da Barber da Odean da abokan aikinsu na can suka bi shi daga 1992 zuwa 2006, sun ga cewa ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na masu cinikin yini ne ke iya cin riba a kai a kai bayan an cire kuɗin ciniki. A wani nazarin na ƙasar sun lissafa cewa asarar da ɗaiɗaikun mutane ke yi a shekara ta kai kashi 2.2 cikin ɗari na dukkan abin da ƙasar ke samarwa, yayin da manyan kamfanonin zuba jari ke cin riba. A Burazil, Fernando Chague da abokan aikinsa sun bi waɗanda suka fara cinikin yini tsakanin 2013 da 2015, suka ware waɗanda suka daure fiye da kwana 300 suna yi: kashi 97 cikin ɗari sun yi asara, kashi 1.1 ne kawai suka sami abin da ya wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar. Wannan sakamako ya rusa hujjar da aka fi kafawa, cewa asarar farko kuɗin makaranta ce kuma mai naci zai ƙware, domin masu nacin ne aka auna. A Turai ma hukumar da ke kula da kasuwannin kuɗi ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu cinikin caca a kan motsin farashi asara suke yi, ta kuma tilasta wa kamfanonin su riƙa rubuta adadin masu asararsu a jikin talla.

Abin da ke gaggauta karayar shi ne cinikin da ake yi da kuɗin aro. Manhajar foreks takan bar mutum ya saka naira dubu ɗari ya juya abin da ya kai miliyan goma. Idan farashi ya motsa kashi 1 cikin ɗari zuwa inda yake so, kuɗinsa ya ninka. Idan ya motsa kashi 1 zuwa ɗaya wajen, an share asusun, ko da kuwa bayan awa biyu farashin zai dawo inda ya yi hasashe. Irin wannan motsi kuwa ba baƙon abu ba ne a kasuwa. Ga kuma wani lissafin da ake mantawa: wanda ya yi asarar rabin jarinsa, sai ya ci ribar ɗari bisa ɗari kafin ya koma inda ya fara.

To ina aka samo waɗanda ake gani a TikTok da Telegram suna nuna hoton riba, suna sayar da sigina, wato shawarar lokacin saye da sayarwa, da darasi? Wasu ƙarya suke yi, wannan a bayyane yake. Amma ko babu maƙaryaci ko ɗaya, lissafi kaɗai zai samar da su. A tara mutum 1,024, kowa ya yi canke a kan ko farashi zai hau ko zai sauka. Kusan rabi za su dace a karon farko, rabin waɗannan su dace a na biyu, a haka har karo na goma, inda za a sa ran samun mutum guda da bai taɓa kuskure ba. Shi ne zai buɗe zaure ya fara karɓar kuɗin rajista, kuma yana iya yarda har zuciyarsa cewa baiwa ce, sauran 1,023 kuwa ba za su saka hoton asusunsu ba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, shi ya sa masu bincike ba sa auna ƙwarewa da watannin da kasuwa ke hawa, sai da shekaru masu yawa da suka haɗa hawa da sauka, a kuma ƙirga har da waɗanda suka karye suka bar fagen.

Duk wannan bai rage wa ɗan kasuwar Kano daraja ba, ya dai bayyana inda ƙarfinsa yake. Dillalin Dawanau yana soka ƙarfe a buhu ya zaro hatsi, ya murza a tafin hannu, ya jefa ƙwaya a baki ya ciza ya ji ko ta bushe. Yana da yaro a kasuwar ƙauye da ke gaya masa yadda damina ta kasance, ya san wanda ke biyan bashi da wanda sai an kai ruwa rana, ya san kuɗin mota daga Maigatari ko Dambatta. Ribarsa ladan sani ce da kuma ladan aiki, domin ya ɗauko kaya daga inda suke da yawa ya kai inda ake nema, ya ajiye daga kaka zuwa bazara, ya ɗauki haɗarin da manomi ba ya iya ɗauka. Har irin wannan riba ma takan ragu idan labari ya yaɗu. Jenny Aker ta nazarci kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar a lokacin da wayar salula ke shiga garuruwa tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance. Idan wayar hannu ta yi wa gero haka, to a kasuwar da biliyoyin daloli ke yawo a cikinta, inda kwamfutoci ke ciniki cikin abin da bai kai daƙiƙa ba, babu wani sani da ya rage wa mai kallon zanen farashi a waya wanda sauran duniya ba ta gani ba. Ɗan canjin Wapa ma ba da hasashen inda dala za ta dosa yake ci ba, yawanci da tazarar saye da sayarwa yake ci, da kuma amanar abokan hulɗarsa. A manhajar foreks kamfanin ne ke zaune a kujerar ɗan canjin, mai wayar kuwa shi ne mai biyan tazarar.

Akwai iyakar da ya kamata a yi wa waɗannan sakamako. Mafi yawansu daga Amurka da Turai da gabashin Asiya suka fito, inda kasuwa ke da zurfi kuma kuɗin ƙasa ba ya zubewa da sauri. Kasuwar hannun jari ta Legas, wadda ta fara aiki a 1961, ƙarama ce idan aka gwada ta da waɗancan, 'yan kamfanoni kaɗan ne ke riƙe da mafi yawan darajarta, wasu hannayen jarin kuma sukan yi kwanaki ba a yi cinikinsu da yawa ba. Wannan yana iya barin ɗan gurbi ga mai haƙurin karanta rahoton kamfani, amma yana kuma sauƙaƙa wa masu wasa da farashi, ya kuma sa fita ta yi wuya ranar da kowa ke son fita. Sannan a nan zama da kuɗi ba tsira ba ne. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, a shekarar da ma'aunin kasuwar hannun jari ya tashi da kusan kashi 37.7. Wanda ya bi kasuwar ya tsira da ƙyar, wanda ya bar kuɗinsa a asusu kuwa kusan rubu'in ƙarfin sayensa ya tafi. Wannan matsin ne ke kora mutane zuwa inda ake musu alƙawarin riba mai sauri, don haka ba adalci ba ne a ce kwaɗayi ne kaɗai.

Abin da binciken ya fi goyon baya shi ne rarraba jari da rage yawan taɓa shi. Harry Markowitz ya nuna a 1952 cewa ba yawan wuraren da aka zuba kuɗi ne ke rage haɗari ba, a'a, sai in wuraren ba sa faɗuwa tare. Wanda ya sayi hannun jarin bankuna biyar a 2007 bai rarraba komai ba, haka ma wanda ya cika sito da masara da dawa da gero a kaka guda. Ga mai gudun kuɗin ruwa, hanyoyi sun ƙaru: Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017 da naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, akwai kuma ma'aunin hannayen jarin da aka tace bisa ƙa'idar shari'a tun 2012. Hukuncin foreks da kirifto na malamai ne, kuma sun yi magana a kai, amma abin lura ne cewa siffofin da fiƙihu ke tuhuma a ciniki, wato garari (rashin tabbas a kan abin da ake ciniki) da kama da caca, su ne dai siffofin da alƙaluman suka nuna sun fi cinye dukiyar ƙananan masu ciniki.

Tsare-tsaren damfara irin su MMM, wanda ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, da CBEX da ya ruguje a Afrilun 2025, ba kasuwa ba ne, kuɗin sabon shiga ake biyan na da da shi. Amma da halayen da aka lissafa a sama suke farauta: ana biyan na farko domin ya zama shaida, shi kuma ya jawo ɗan'uwansa da abokin sallarsa, waɗanda amanarsa suka duba ba takardar rajista ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta su ƙarara, ta kuma sa kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari.

Abin da ya ba aikin Barber da Odean ƙarfi shi ne sun sami asusun mutane na gaskiya, ba amsar takardar tambayoyi ba, domin abin da mutum ke faɗa game da cinikinsa da abin da ya aikata sukan sha bamban. Irin waɗannan bayanai suna nan a Najeriya, a wurin kamfanin CSCS da ke ajiye tarihin mallakar hannun jari, da wurin dillalai da masu manhajoji, kuma ana iya ɓoye sunaye a miƙa su ga masu nazari. A Kano akwai ƙari a kan haka, wato littattafan da manyan 'yan kasuwar Dawanau da Kwari ke rubuta saye da sayarwa da bashi a ciki shekara da shekaru. Jami'ar Bayero tana da sashen tattalin arziki, da makarantar kasuwanci ta Dangote, da cibiyar nazarin harkar banki da kuɗi ta Musulunci, duk a gari ɗaya da waɗannan kasuwanni. Da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su amince su buɗe wa ɗaliban digiri na uku littattafan bisa sharaɗin sirri, da an iya auna shekara nawa cikin goma ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara ke biyan kuɗin sito da na magani da karyewar naira, da kuma tsawon lokacin da mai kaya ke ƙarawa yana riƙe da su idan farashi ya sauka ƙasa da yadda ya saro.